Magini da Wasan Tubali

Hannun dama na Baba ya mutu ne ana tsakiyar yankan gero. Ya sunkuya zai ɗauki buta ya yi alwalar la'asar, butar ta kuɓuce masa. Ya sake kai hannu, ta sake kuɓucewa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa yana kallon hannun, bai kira kowa ba, har Inna ta fito daga madafa ta same shi a haka. Kusan mako biyu muka yi a asibiti. Bakin da ya karkace ya koma daidai, ƙafar ma ta dawo, yana ɗan jan ta amma tana kai shi inda yake so. Hannun ne ya ƙi. Ranar da aka sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce, "Madam, hannun nan bai mutu duka ba, na ga yatsu biyu suna motsi. In zai riƙa sa shi aiki kullum, wani abu zai dawo. In kuwa ya bar shi kwance har damina ta zagayo, to ya sandare ke nan, ba mai iya tada shi."

Baba kuwa ya bar shi kwance. Ya cusa shi cikin riga, ya ja labulen ɗakinsa, ya ce kowa ya ƙyale shi.

Baba magini ne. Tun ina ƙarama, da an gama girbi ba ma ganinsa sai jefi-jefi, yana ƙauyukan Kurfey yana ta da rumbuna da ɗakuna da katangu, wani lokaci har wajen Sanam ake zuwa a ɗauke shi a amalanke. Da hannun nan na dama yake cura laka, da shi yake jera tubali, da shi yake shafe yaɓe har ya yi sumul. Tafinsa kaushi gare shi, in ya shafa mini kai sai gashina ya maƙale. In muna tafiya Tabla a mota ya kan nuna wani rumbu can gefen hanya ya ce, "Wancan nawa ne," ko da yake geron da ke ciki na wani ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, "uwata" yake ce mini, in yana raha da in yana faɗa duk ɗaya.

Abin da ya kulle shi a ɗaki ba ciwo ba ne, hannun hagu ne. A wurinmu ba a cin abinci da hagu, ba a miƙa wa mutum abu da hagu, balle a gaisa da shi. Juma'ar farko bayan sallama ya daure ya je masallaci. Da aka idar, abokansa na majalisar gindin dogon yaro suka taso suna miƙo masa hannu, shi kuma ya rasa wanda zai bayar. Wani a cikinsu ya kama hagun da hannu bibbiyu ya ce, "Allah sarki, magini!" Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma Baba ya dawo gida, kuma daga ranar ko zaure bai ƙara leƙawa ba. Tuwo ma ya daina ci, sai fura da kunu, abin da zai kurɓa da ludayi ba wanda ya gan shi.

Likita ya ba mu wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Na kai masa, ya juya ta da hagu, ya ce, "Ni yaro ne?" Ya wurga ta tsakar gida, akuya ta yi ta shinshinawa. Ni kuma, Allah ya sani, ba ni da haƙuri. Malamar makaranta ce ni, shekara da shekaru ina riƙe da jan biro, in na ga kuskure sai na gyara ko da ba a tambaye ni ba. Kullum in na tashi daga lakwal, wato makaranta, sai na biya gidanmu, in tsaya bakin labule in yi ta magana. In lallashe shi, in yi masa wa'azi, in tsorata shi da maganar likita. Ya kan bari sai na gaji ya ce, "Kin gama, uwata? To gaida mijinki."

Haka sanyi ya shiga ya fita.

Wata ranar kasuwar Filinge na tsaya wurin wani ɗan koli ina neman cajar waya. A tirensa, tsakanin tociloli da ƙananan rediyoyi, akwai wata 'yar na'ura mai ruwan toka, tsawonta bai fi tafin hannu da rabi ba. Ya ga ina kallonta, sai ya danna wani maɓalli. Wayyo! Kiɗan nan ya tashi, siriri, tsi-tsi-tsi, yana hawa yana sauka yana komawa farko. Ga hayaniyar masu awaki, ga mai talla da lasifika, amma ni shi kaɗai nake ji. Na fi shekara ashirin ban ji shi ba, kuma ban san ina ɗauke da shi ba, sai ga bakina yana bin sa ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Irinta yayana ya kawo mana daga Kwatano shekarar da ya fara zuwa ci-rani, ina ajin ƙarshe na firamare. "Tubali" muke ce mata. Wasan ba wuya wajen ganewa. Tubala ne ke faɗowa daga saman ɗan gilashin, ɗaya bayan ɗaya, wani dogo, wani dunƙulalle mai kusurwa huɗu, wasu a karkace. Maɓallan hagu su ke matsar da tubali gefe da gefe, babban maɓalli na dama shi ke juya shi. Kana jerawa, in sahu ya cika daga bango zuwa bango ba rami, sai ya yi walƙiya ya ɓace, abin da ke samansa ya sauko. In ka bar ramuka, gini ya yi ta tashi har ya taɓo sama, ka faɗi ke nan. Kiɗa kuwa yana tafe da kai, in gini ya kusa sama sai ya ƙara sauri, zuciyarka ma ta bi shi.

A unguwarmu ba wanda ya kamo ƙafata, har samarin da ke kolej. Ba yabon kai ba ne, gaskiya ce. Muna zama gindin katanga bayan azahar, a yi layi, wanda ya faɗi ya miƙa wa na gaba, in ta zo hannuna sai sauran su fara tsaki don sun san ba yanzu ba. In batir ya yi sanyi mu shanya shi a rana, mu ɗan cije shi da haƙori, ya ƙara mana rabin yini. Na kai har in na rufe ido ina ganin tubala suna saukowa, in na kalli jerin ƙwaryar Inna sai in ji ina son cike gurbin da ke tsakani. Da na gaya wa kakata, mahaifiyar Baba, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ita 'yar bori ce har ta koma ga Allah, duk da ɗanta ya yi ta fama da ita. Ta kara na'urar a kunne ta saurara sosai, ta ce kowane iska da kiɗansa, abin da ke kiɗa ba mai goge, ya kuma bi mutum har cikin idonsa, ai ba a tambayar ko mene ne. Ba ta hana ni ba. Cewa ta yi kawai kar in yi wasan da almuru.

Baba kam ko kallon gilashin bai taɓa yi ba. "Kukan gyare" yake ce wa kiɗan. Ranar da ya kunna rediyonsa zai ji labarai ya tarar na zare batir, sai da na kwana biyu ina zagaye shi.

Na sha tambayar kaina me ya kama ni a wasan nan haka. Ina jin aikin gida ne. Yarinya a gidanmu ba ta taɓa ganin ƙarshen aiki. Ki daka, a ci, ki sake dakawa. Ki cika randa, kafin la'asar ta yi rabi. A cikin ɗan gilashin nan kuwa in na yi abu daidai sai ya yi ƙara mai daɗi ya tafi abinsa, ya bar mini fili. Abin da na ɓata kaɗai ke zama yana kallona, shi ma in na yi dabara ina iya tono shi in share. Ban san wani wuri a rayuwata ta lokacin da ake share kuskure a ga fili ba.

Na sayi na'urar a hannun ɗan kolin. A gida na zauna na gwada, kuma abin dariya, sai da na ɗauko tabarau. Kiɗan ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta, wani wurin ma har yana shaƙewa. Amma yatsuna ba su manta komai ba. Ina cikin yi na lura da babban yatsana na dama, yadda yake ta danna maɓallin juyi ba hutawa, sai dabara ta faɗo mini. Wasan nan hannu biyu yake so. In Baba ya kamu, dole ya fito da na dama.

Na san in na miƙa masa zai bi da ita hanyar da ya bi da ƙwallo. Saboda haka ran Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarsa, na ƙure kiɗan, na yi kamar ban san da kowa ba. Can na ji murya daga bayan labule.

"Wanga gyaren bai mutu ba har yanzu?"

"Jikanshi ne, Baba."

Ya yi tsaki. Kashegari na dawo. A rana ta uku na ji labule ya motsa, inuwarsa ta faɗo kan tabarma. Ya daɗe a tsaye a kaina, ina jin numfashinsa. Da gangan na ajiye wani karkataccen tubali inda bai dace ba.

"Kai! Wa ya koya miki gini? Kin bar rami nan ƙasa."

"Gyara shi za ni yi."

"Ba a gyaran ƙasa daga sama."

Na ci gaba. Na cike sahu ɗaya, ya yi walƙiya ya ɓace. Baba ya sunkuyo.

"Ina sahun ya tahi?"

Na yi masa bayani, cewa ai abin da ake nema ke nan, in sahu ya cika sai a ɗauke shi a ba ka maki. Ya dube ni kamar na ce masa ana shuka gero don tsuntsaye.

"Wanda ya yi kyau shi aka ɗaukewa, a bar miki mai rami? To mi anka yi ke nan? Ba ni nan."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya zauna, ya ɗora na'urar a kan gwiwarsa, ya tokare ta da ɗayar gwiwar, ya fito da manuniyarsa ta hagu. Da ita ya matsar da tubali, ya tsallaka da ita ya juya shi, ya dawo ya saukar. Hannun dama yana cikin riga ko motsi bai yi ba. Na ji kamar in yi ihu. Ni da na zo da wayo, tsoho ya riga ni.

Yadda Baba ke wasan nan ban taɓa ganin wani ya yi shi ba. Gini yake yi na gaskiya. Ba ya ɗora tsaga a kan tsaga, sai ya nemi tubalin da zai haye bakin biyu na ƙasa ya ɗaure su. Karkatattun nan da kowa ke ƙi, shi su yake so, ya ce su ke riƙe kusurwa. Don kar sahu ya cika a ɗauke masa, sai ya bar gurbi ɗaya a gefen dama tun daga ƙasa, ya ce ƙofa ce, wane mahaukaci ke gina ɗaki ba ƙofa. Da haka gini zai yi ta tashi, kiɗa ya ƙara sauri, ni ina gefe ina cizon yatsa. Da ya taɓo sama, sai kiɗan faɗuwa ya tashi, gilashin ya cika da tubala baƙi ƙirin daga ƙasa har sama, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya faɗi. A karon farko Baba ya jingina da bango ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. An yi yaɓe."

"Baba, ka hwaɗi fa."

"Wa ya hwaɗi? Gini ya kai sama, an shahe shi, ga shi har ana yi mini guɗa. Ke dai ba ki san aiki ba."

Na buɗe baki zan yi gardama, Inna ta harare ni daga bakin madafa, na rufe.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne gilashin. Irin na dā ne, ba shi da fitila a ciki, a ɗaki mai duhu ba a ganin komai. Dole Baba ya fito tsakar gida. Da safe ya zauna gefen rumbunmu, rana ta kore shi ya koma gindin katanga, har wata rana na zo na same shi a bakin zaure, inda masu wucewa ke iya hango shi. In an yi masa sallama ya kan amsa ba tare da ya ɗaga kai ba, kuma ba mai miƙa wa mutum hannu alhali yana cikin aiki. Inna ta ce ya fara cin tuwo da cokali. Ta ce wani lokaci tana jin shi yana bin kiɗan da hanci, in ta waiwaya sai ya yi tari. Mutanen gida suka ce an samu sauƙi, suna ta sa mini albarka.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don ni aka ja gefe aka gaya wa magana. Zafin bazara ya kai inda ya kai, mutane sun fara sharar gona, gawo ya soma zubar da ganye. Duk yamma Inna ta kan shafa wa hannun man kaɗanya, shi kaɗai ne lokacin da yake barin a fito da shi. Ina tsaye ina kallo. Hannun ya rame, kaushin nan duk ya tafi, tafin ya yi laushi irin na wanda bai taɓa aiki ba. Yatsun sun fara lanƙwashewa ciki, in ta miƙe su sai su koma.

Ranar nan na kasa daurewa. Na ce, "Baba, don girman Allah, maɓallin nan na dama da hannun dama aka yi shi. Sau ɗaya dai ka gwada. Damina ta kusa, ka ji abin da likita ya ce."

"Likita ya taɓa gina ko akurkin kaji?"

"Ba maganar gini ba ce! Hannunka ne zai tahi gaba ɗaya, kana zaune kana kallo!"

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Ya kashe na'urar ya ajiye. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Uwata, hannun ga ya yi aikinshi. Ku bar shi ya huta."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na bi Inna madafa ina huci, ina cewa taurin kai ne zai kashe tsohon nan. Ta bari na gama, sannan ta ce in rage murya. Ta ce ba taurin kai ba ne. Sau biyu tana ganinsa da sassafe, yana zaton ta tafi rijiya, ya fito da hannun ya ɗora a kan maɓallin. Yatsan ya yi ta rawa, ya zame, ya sake ɗorawa ya sake zamewa. Ta ce a karo na biyu ya ɗauki hannun da na hagu ya mayar cikin riga, ya daɗe yana kallon ƙasa. "Shi ya fi ki son ya tashi," in ji ta. "Ganinshi yana rawa ne ba ya iyawa." Kunya ta rufe ni. Na tafi gida ban yi masa sallama ba, kwana uku ban iya komawa ba.

Ranar da na koma, da la'asar ce, hadari na farko ya haɗo daga gabas, iska tana ɗauke da ƙanshin ruwan da ya sauka wani wuri. Na same shi a tsakar gida, gyaren yana ta kuka. Inna tana gefe tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran ya share ni, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Taho ki ga ƙohwa."

Na matsa na leƙa ta kafaɗarsa. Wallahi ban taɓa ganin gini irin wannan a gilashin nan ba. Tun daga ƙasa har kusa da sama ba rami ko ɗaya, sumul, sai gurbin nan na gefen dama miƙe sambal kamar an ja da zare. Kiɗa ya riga ya fara sauri. Sai ga dogon tubalin nan ya ɓullo daga sama, a kwance.

"Yauwa," in ji Baba. "Ga azarata ta zo."

Ya fara tura shi dama da yatsa ɗaya, a hankali, zai shimfiɗa shi a kan ƙofar ya rufe ta. Ni kuwa abin da idona ke gani daban ne. Duk wanda ya taɓa wasan nan ya san ba abin da ya kai wannan: rami miƙaƙƙe, dogon tubali a sama. In ka tsayar da shi ka zura, sahu huɗu ne za su tafi lokaci guda. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake farautar wannan. Ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ya wuce ta kan kafaɗarsa, na danna maɓallin juyi. Tubalin ya miƙe tsaye daidai bakin ƙofar, ya zurma ciki har ƙasa. Gilashi ya yi walƙiya, sahu huɗu suka ɓace, na'urar ta yi ƙarar murna. Har da cewa na yi "Yauwa!"

Sai na ga abin da ya rage. Ginin ya sauko, ya zama guntun bango.

"Mi kinka yi?"

"Baba, ai maki ne, tsaya in nuna ma..."

Na sake kai hannu zan karɓi na'urar. Hagunsa na riƙe da ita gam. Sai na ji wani abu ya kama ni a wuyan hannu, mai sanyi, mai santsin man kaɗanya.

"Ba a sa hannu cikin ginin wani! Ko ubangidana da ya koya mini, in ya ga na karkace, tsayawa yake daga ƙasa ya hwaɗa mini da baki. Tun azahar nike ɗora wanga bango. Ke komi kin iya, komi sai kin gyara! Nan lakwal ce?"

Yana faɗa, idonsa na kan guntun bangon. Ni ban ji rabin abin da yake cewa ba. Ina kallon wuyan hannuna. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun zagaye shi, sauran biyun suna lanƙwashe yadda suke. Hannun yana karkarwa har gwiwa, amma yana riƙe da ni. Hawaye suka zubo mini.

"Kuka kuma na mi? Ke kinka rushe, ke ka kuka?"

Inna ta ajiye rariya, ta rufe baki da tafinta. Ya dube ta, ya bi inda take kallo, ya sauke ido. A gilashi tubala suna ta zubowa ba mai tare su, suna hawa kan juna yadda suka ga dama, har kiɗan ya kai ƙarshensa ya tsaya. Ba wanda ya kula. Iska ta kwashi garin Inna ta watsa, ita ma ba ta motsa ba.

Ya daɗe yana kallon hannun yana rawa. Na ɗauka zai mayar da shi cikin riga. Bai mayar ba.

"Ja," ya ce a hankali. "Ja hannunki in gani."

Na ɗan ja kaɗan, na yi kamar na kasa.

"Kar ki yi mini ƙarya, uwata. Ja da gaske."

Na ja da gaske. Hannuna ya zare ba wata wahala, ko yaro na goye ya fi haka riƙo. Yatsunsa suka rufe a kan iska, hannun ya faɗi kan cinyarsa. Na ji kamar in nutse, na ce a raina da na sani na ƙara yi masa ƙarya. Ya kalli hannun, ya buɗe yatsun uku da kyar, ya sake rufewa. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo kan tabarma.

"To," in ji Baba. "Gobe in kin taso, ki biyo ki sake ja."